Maɓallin aro: yadda manhajojin "koma baya" ke aiki, da mukullin da ake miƙa musu

Ranar da wayata ta suɓuce daga aljihun gaba ina saukowa daga Adaidaita Sahu, ban zaci ta ji wani ciwo ba. 'Yar tsaga ce siririya a kusurwar ƙasa, kamar zaren gizo-gizo. Hoto na fita tas, kira na shigowa. Sai da na buɗe WhatsApp na gama karanta saƙo, na kai babban yatsa ƙasa zan koma baya, na ji shiru. Na danna, na sake dannawa, na goge gilashin da bakin riga, har hura masa iska na yi kamar mai tayar da garwashi. Alamomin nan uku na ƙasan sikirin, na komawa baya da na gida da na manhajojin da aka buɗe, suna zaune a mazauninsu ina kallonsu, amma ko ɗaya bai amsa ba. Na shiga ɗaki an ja mini ƙofa ke nan.

Washegari na nufi Farm Centre, kasuwar 'yan waya ta Kano. Yaron da na miƙa wa ita ya ja yatsa sama da ƙasa a kan gilashin sau uku, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, tachin ƙasa ne ya mutu. Ko a canza sikirin gaba ɗaya, ko in ɗora maka botin na sama ka lallaɓa da shi." Na tambayi kuɗin sikirin, ya faɗa, na ƙirga kwanakin da suka rage kafin albashi, na ce a lallaɓa. Ya jawo ɗan kebul na OTG, ya jona linzamin kwamfuta ta wurin caji, sai ga 'yar kibiya na yawo a fuskar wayar. Da ita ya fito daga inda na maƙale, ya shiga Play Store, ya sauko da wata manhaja. Kafin in shanye ruwan ledar da ke hannuna, alamomi uku sun bayyana a gefen dama, daidai ƙugun wayar, inda gilashin ke da sauran rai. Na taɓa ta farko, waya ta koma baya.

Na biya na tafi ina murna, amma wani abu ya tsaya mini a rai. Yana cikin saitawa wani dogon gargaɗi ya fito da Turanci, na hango ana maganar ba manhajar cikakken iko a kan wayar, shi kuwa ya danna amincewa ko kallo bai yi ba, kamar mai korar ƙuda. Na ce, "Wancan fa, me ya ce?" Ya ce, "Ba komai Yallaɓai, duk haka suke yi." Gaskiyarsa, duk haka suke yi. Abin tambaya shi ne me ya sa ɗan maɓallin komawa baya, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai an damƙa masa ragamar waya sukutum kafin ya yi aiki.

Ba da waɗannan alamomi aka haifi Android ba. Wayarsa ta farko da ta shiga kasuwa, HTC Dream, wadda aka sayar a Amurka a 2008 da sunan T-Mobile G1, maɓallan gaske gare ta a haɓa, masu lotsawa idan an danna: na kira, na gida, na menu, na komawa baya, na katse kira, da ɗan ƙwallo a tsakiya da ake murzawa. Daga baya kamfanoni suka koma maɓallan taɓi, waɗanda ke zane a ƙasan gilashi ba sa motsi. Wanda ya riƙe Tecno ko Infinix ko Samsung na wajajen 2014 zuwa 2016 ya san su. A 2011 Google ya mayar da su zane a cikin sikirin ɗin kansa, da farko a manyan alluna masu Android 3.0, sannan a ƙarshen shekarar a wayar Galaxy Nexus mai Android 4.0. Siffar da ido ya saba da ita, mai kusurwa uku da da'ira da murabba'i, ta zo da Android 5.0 a 2014. Samsung ya daɗe yana riƙe da maɓallinsa na tsakiya, bai sake shi ba sai a Galaxy S8 ta 2017, kuma har yau yana ajiye na komawa baya a dama alhali Google na ajiye shi a hagu. A 2017 ɗin dai Apple ya fito da iPhone X babu maɓallin gida kwata-kwata, sai shafa. Android ya bi sahu, rabi da rabi a Android 9 a 2018, sannan cikakkiyar shafa a Android 10 a 2019: ka ja yatsa daga gefe ka koma baya, ka ja daga ƙasa zuwa sama ka koma gida.

Wayoyin duk waɗannan zamunna suna hannun mutane a yau, domin a wajenmu waya ba ta ritaya. Daga hannun yaya ta koma na ƙani, daga na ƙani ta tafi ƙauye wajen gwaggo. Kuma kowane zamani da irin cutarsa. Maɓallin lotsawa yakan gaji, ƙura ta shige shi, sai an danna da farce. Na taɓi yakan mutu idan ruwa ya shiga, ko siririn fanel ɗin da ke ɗauke da shi ya samu matsala; a wasu wayoyin Samsung na da, fanel ɗaya ne da na wurin caji.

Na ukun, wato na zanen cikin sikirin, shi ne nawa, kuma shi ya fi yawa yanzu. Fuskar waya aƙalla hawa biyu ce. Akwai wanda ke nuna hoto, akwai kuma tachi, wata shimfiɗa ta siraran layukan lantarki da ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Idan yatsa ya sauka, yana ɗan sauya cajin da ke mahaɗar layukan, wani ƙaramin guntu a cikin wayar ya lissafa inda aka taɓa. To idan tsaga ta yanke layi ɗaya ko biyu, duk zirin da suke bi ya mutu, ko da hoton da ke ƙarƙashinsa na fita lafiya lau. Shi ya sa kake ganin maɓallan da idonka amma su ƙi ji. Kwantar da wayar ma ba ya fisshe ka, saboda a yawancin wayoyi maɓallan uku suna manne ne da gefen da wurin caji yake, duk yadda ka juya ta suna nan a kan mataccen wurin.

Mai son sanin iyakar ɓarnar ba sai ya je kasuwa ba. A cikin setin, wajen bayanin waya, akwai layin da aka rubuta Build number. Idan aka danna shi sau bakwai sai wani ɓoyayyen sashe mai suna Developer options ya buɗe. A ciki a kunna Pointer location. Daga nan duk inda yatsa ya bi sai ya bar zane. Ka zazzane fuskar wayar kamar yaro ya samu alli da bango, inda zanen ya katse nan ne ya mutu. A yawancin wayoyin Samsung kuma, buga *#0*# a wurin kira na buɗe shafin gwaji mai irin wannan aiki. Na gwada a tawa daga baya, na ga zirin da ya mutu bai fi faɗin yatsa ɗaya ba, amma ya zaɓi daidai inda aka fi buƙata.

Manhajar da aka ɗora mini ba ta gyara komai a wannan ziri ba. Kwashe maɓallan ta yi ta kai su inda ake ji. Kuma kafin ta iya yin haka sai ta tsallake katanga biyu da Android ya gina da gangan.

A ɗauki waya a matsayin gidan haya. Kowace manhaja da ɗakinta, Android ne mai gida, kuma dokarsa ita ce ɗan haya ba ya leƙa ɗakin wani, ba ya zura hannu a ciki. Wannan doka ce ke hana wasan da yaro ya sauke karanta abin da ke cikin manhajar bankinka. Amma maɓallin komawa baya dole a gan shi a kowane ɗaki, kana WhatsApp yana nan, kana Facebook yana nan. Katanga ta farko ke nan, kuma izinin tsallake ta shi ne wanda ake rubutawa Display over other apps, wato damar yin zane a saman sauran manhajoji. Da shi Messenger ke liƙa ɗan zagayayyen hoton mai yi maka magana a gefen sikirin, da shi Truecaller ke ɗora sunan mai kira a kan lambar da ta shigo. Tun Android 6.0 na 2015 aka ware masa shafinsa daban a setin.

Zane kaɗai hoto ne, sai ya yi aiki ya zama maɓalli, kuma a nan katanga ta biyu take. Komawa gida abu ne mai sauƙi, kowace manhaja na iya roƙon Android ya buɗe shafin farko. Komawa baya kuwa umarni ne da ake aika wa manhajar da ke buɗe, wato zura hannu ne a ɗakin wani, kuma Android ba ya barin manhajar waje ta aika wa wata dannawa. Shi ya sa irin waɗannan manhajoji na farko-farko, kamar Button Savior, sai wayar da aka yi wa rutin, aka fasa makullan mai gida, suke iya wannan aikin.

Sai dai gidan na da wata ƙofa ta daban, wadda ke buɗewa zuwa kowane ɗaki. An yi ta ne domin masu buƙata ta musamman, ita ce ake rubutawa Accessibility, kuma tana cikin Android tun 2009. Makaho ba ya ganin sikirin, saboda haka TalkBack ke karanta masa duk abin da ke kai da murya. Wanda hannunsa ya shanye ba ya iya kai yatsa inda ake so, sai wata manhaja ta danna a madadinsa. Ɗan jagora dole ya ga abin da ke gaba, dole kuma a bar shi ya ja sanda, in ba haka ba jagorancin bai yi ba. A 2012, da fitowar Android 4.1, Google ya ƙara wa masu bin wannan ƙofa damar ba da manyan umarnai na waya: koma baya, koma gida, nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, jawo labulen sanarwa. Android 5.0 ya ƙara fito da menu na kashe waya. Android 7.0 na 2016 ya ba su damar taɓa ko shafa kowane wuri a sikirin kamar yatsan mutum. Android 9 ya ƙara kulle waya da ɗaukar hoton sikirin. Duk manhajar maɓalli da ka gani a Play Store, ko Navigation Bar take suna, ko Back Button, ko Assistive Touch, ta wannan ƙofa take bi. Idan ka taɓa zanenta, ba ita ke mayar da kai baya ba. Android take ce wa ya yi, shi kuma ya yi saboda ya ɗauke ta 'yar jagora.

Wani abin lura, ba dole ba ne manhajar maɓalli ta karanta abin da ke sikirin kafin ta ba da umarnin komawa baya. Mai rubuta ta ne ke zaɓar irin ikon da zai nema, kuma mai gaskiya zai iya barin na karatu. Tsofaffin Android kan jera wa mutum abin da manhaja ta nema ɗaya bayan ɗaya kafin ya amince. Sababbin kuwa gargaɗi ɗaya suke nunawa, mai faɗin cewa za ta iya ganin komai ta kuma danna komai. Ta fuskar tsoratarwa hakan ya yi, amma ya sa mai waya ba ya iya bambance wadda ta nemi kaɗan da wadda ta nemi duka. Ga shi kuma izinin shiga intanet ba a tambayar kowa, kowace manhaja na samunsa kai tsaye. Manhajar da ke ganin sikirin, tana kuma da hanyar aika saƙo waje, abin da ya rage tsakaninka da ita amana ce kawai.

Ɓarayi sun daɗe da gano haka. A 2017 wasu masu bincike daga jami'ar Georgia Tech da ta Kalifoniya da ke Santa Barbara suka nuna wani salon kutse da suka sa wa suna Cloak and Dagger, wanda bai buƙaci komai ba sai izinin nan biyu, na zane a sama da na jagoranci. Da na farko ake ɗora shafin bogi a kan na gaske, mutum ya rubuta lambar sirrinsa yana zaton banki yake ba. Da na biyu ake karanta abin da ya fito, ana danna amincewa a madadinsa. Lambar OTP da ta faɗo a saman waya ai rubutu ce kamar kowane rubutu. Wata muguwar manhaja mai suna FluBot, wadda ta addabi Turai a 2021, ta saƙon tes take zuwa, a ce maka kana da kaya a hanya ka sauke manhaja ka bibiya; abu na farko da take nema bayan an ɗora ta shi ne wannan izini. Sai a tsakiyar 2022 'yan sandan ƙasashe da dama, da haɗin gwiwar Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka wargaza ta. Wata mai suna Anatsa kuwa an sha kama ta a cikin Play Store kansa, ta ɓuya a rigar manhajar karanta PDF ko ta share datti.

Ban ce manhajojin maɓalli ɓarayi ba ne. Da yawansu talla suke ci da ita, iyakar cutarwarsu su cika ka da tallace-tallace su sha maka data. Amma mukullin da suke karɓa shi ne dai wanda ɓarawo ke nema, kuma a yau da albashi da kuɗin cefane da jarin shago duk suna cikin OPay ko PalmPay ko Moniepoint ko manhajar banki, miƙa shi ga wanda ba ka san ko wane ne ba ya yi kama da ba kura ajiyar nama don ta yi maka fara'a.

Google ya yi ta kai-kawo a kan lamarin. A ƙarshen 2017 ya aika wa masu manhajoji wasiƙa cewa duk mai amfani da ƙofar ba don taimakon naƙasassu ba ya gyara cikin kwana 30 ko a cire shi daga Play Store. Aka yi ca a kansa, domin manhajoji masu amfani da yawa a kanta suka dogara, sai ya ja da baya. A 2021 ya dawo da sharaɗin cewa sai mai manhaja ya cike takarda ya bayyana abin da yake yi da izinin, ya kuma faɗa wa mai waya ƙarara. A watan Mayun 2022 ya hana amfani da ita wajen naɗar kiran waya. Android 12 ya ba manhajoji irin na banki damar korar zanen da aka ɗora musu da izinin zane a sama, shi ya sa wani lokaci za ka ga maɓallinka ya ɓace da ka buɗe banki, ya dawo da ka fita. Ba lalacewa ya yi ba. Android 13 kuma ya zo da abin da ya fi shafarmu: manhajar da aka ɗora daga fayil na APK, ba daga kantin manhajoji ba, ba ta samun wannan izini sai mutum ya bi ta wani lungu ya cire takunkumin da hannunsa. Mu da muka saba da "tura min ta Xender" don tsimin data, mu ne muka fi cin karo da wannan shinge.

Haka ta faru da kawuna. Ya yi sabuwar waya, kwana biyu sai ga kiransa: "Kai, zo ka duba min, an sayar min da waya ba botin." Na tarar wani maƙwabcinsa ya riga ya tura masa wata manhajar maɓalli, sun yi ta fama ta ƙi kunnuwa, wurin kunnawar ya yi toka-toka ba ya dannuwa. Na ce, "Kawu, ai botin ɗinku na ciki, ɓoye shi aka yi." Na shiga setin, na rubuta navigation a wurin bincike, zaɓi biyu suka fito, shafa ko maɓalli uku. Na taɓa na biyu, sai ga su sun jeru a ƙasa. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah, to shi wancan da ya ce sai an sa wani abu fa?" Na goge fayil ɗin da aka tura masa. Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami. Lokacin da Google ya kawo shafa, ya ce maɓallan uku za su ci gaba da zama zaɓi a wayoyin Android, kuma suna nan. A ganina da yawa daga cikin masu sauke waɗannan manhajoji irin kawuna ne, lafiyar wayarsu ƙalau, hanya ce kawai ta ɓace musu.

Ko wanda tachinsa ya mutu da gaske, ya kamata ya fara laluben cikin gida. Wanda maɓallan ƙasa suka daina ji, komawa tsarin shafa kan ceto masa komawa baya, tunda daga gefen dama ko hagu ake ja, ko da yake komawa gida na nan da matsalarsa. Sannan kamfanoni da dama sun saka nasu ƙwallon mai yawo tun daga masana'anta: Samsung na da Assistant menu, Xiaomi da Redmi na da Quick ball, Oppo da Realme na da Assistive Ball, Huawei na da Navigation dock. Tun Android 9 kuma akwai Accessibility Menu na Google, wanda ya fi amfani ga mai lalataccen maɓallin ƙara murya ko na kullewa. Waɗannan na mai gida ne, ba su da talla, ba kuma wani baƙo ka shigo da shi ba.

Masu iPhone nasu ya fi sauƙi. Farin ɗigon nan da ake gani yana yawo a fuskar wayoyinsu AssistiveTouch ne, Apple ya saka shi tun iOS 5 a 2011 domin masu matsalar hannu, sai jama'a suka mayar da shi garkuwar maɓallin gida, kada ya gaji da dannawa kasuwar wayar ta faɗi. Daga iPhone 7 ma maɓallin ya daina lotsawa, ɗan girgiza kawai yake yi, amma ɗabi'ar ta zauna. Apple ba ya barin manhajar waje ta yi zane a saman wasu, don haka babu kasuwar irin waɗannan manhajoji a can. Masu suna Assistive Touch da ke Play Store kwaikwayo ne, babu abin da ya haɗa su da Apple.

Saura wanda ya duba ko'ina bai samu ba, ko mai tsohuwar waya da maɓallan taɓinta suka mutu. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shi zan ce ya sauke daga Play Store da kansa, ya duba sunan mai manhajar da lokacin da aka sabunta ta na ƙarshe, ya karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya, don su ne ba sa ɓoye komai. Sashen Data safety da ke shafin kowace manhaja na da ɗan amfani, amma mai manhajar ne ke cike shi da hannunsa. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne abin da ta roƙa bayan an ɗora ta. Maɓallin komawa baya ba shi da hulɗa da saƙonnin tes, ko lambobin mutane, ko kyamara, ko inda kake. Wadda ta nemi ɗaya daga ciki, a sallame ta tun a zaure. Kuma tunda aikinta ba ya buƙatar intanet, a wayoyin da ke ba da damar hana manhaja data da Wi-Fi, a hana ta. Talla ma sai ta ragu.

Akwai ƙananan fitintinu da kusan kowa ke haɗuwa da su. Babbar ita ce a wayi gari maɓallin ya ɓace. Yawanci mai tsimin batir ne ya kashe manhajar cikin dare, ko an danna share-share na irin su Phone Master ya haɗa da ita. Wayoyin kamfanonin Sin sun yi suna wajen tsananin nan. Maganinsa a cire ta daga jerin waɗanda ake takura wa batir, a ba ta damar tashi da kanta idan an kunna waya, a kuma sa mata kwaɗo a jerin manhajojin da ke buɗe. A yi wannan tun ranar farko, ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da ta mutu kana tsakiyar wani shafi, da wane maɓalli za ka fita ka je ka tayar da ita?

Masu ƙananan wayoyi na Android Go, irin yawancin itel masu araha, su kuma tun Android 10 aka rufe musu izinin zane a sama don kada wayar ta yi nauyi. Manhajar da ta dogara da shi ba za ta fito ba, sai wadda ke yin zanenta ta ƙofar jagoranci kai tsaye, domin ita ma ƙofar na da nata allon. Mai son ɓoye maɓallan asali ya sa nasa masu launi, shi ma zamaninsa ya wuce: dabarar da ake yi da kwamfuta a tura su can ƙasan sikirin, Android 11 ya toshe ta a 2020. Abin da ya rage shi ne a koma tsarin shafa, sannan manhajar ta zana nata. Idan kuma sikirin ɗin irin wanda ake kira AMOLED ne, farin zane mai zama wuri ɗaya wata da watanni na iya barin tabo, gara a rage masa haske ko a sa ya riƙa ɓuya.

Maɓallin kunna waya kuwa, a nan manhaja rabin aiki take iyawa. Za ta kulle, ba za ta tayar ba, don idan sikirin ya yi duhu ita ma ba a ganinta. Sai a haɗa da taɓa sikirin sau biyu don ya tashi, ko zanen yatsa, ko tsarin da ke kunna waya da kansa a lokacin da aka sa masa, a wayoyin da ke da shi. Kuma kada a bari caji ya ƙare ƙaf. A wayoyin da ba su kai Android 9 ba, kullewar ma sai manhajar ta karɓi wani muƙami mai suna Device admin. Wanda ya ba ta zai ga zanen yatsa ya ƙi buɗe waya bayan ta kulle, sai lamba, kuma ranar da ya so goge ta za ta ƙi fita sai ya koma ya tsige ta daga muƙamin.

Ni dai da na koma gida ranar nan na karanta gargaɗin da yaron ya tsallake, sai na cire manhajar banki daga wayar, na mayar da layin cikin 'yar ƙaramar waya mai madannai, na koma tura kuɗi da lambobin USSD. Na yi sati uku a haka. Ana cikin na huɗu mataccen zirin ya hauro sama ya cinye layin ƙasa na allon rubutu, na koma aika saƙo kalmomi a manne babu tazara, har wani abokina ya tambaye ni ko lafiya. Albashi na shigowa na koma Farm Centre aka canza sikirin. A gaban yaron na shiga setin na kashe izinin, na goge manhajar. Kwana huɗu bayan nan babban yatsana bai daina zuwa ƙugun wayar ta dama ba, yana laluben maɓallin da babu shi.